Murhun gaz a tsohon gida: ta ina iska za ta shiga, ta ina hayaƙi zai fita?

Duk shekara idan ɗari ya shigo Turai, ƴan Nijar mazauna Faransa da Beljiyam kan soma tunanin yadda za su ɗumama gida. Da yawansu na zaune a tsoffin gidaje, irin waɗanda aka gina a Paris tun zamanin Haussmann, wajen shekarun 1853 zuwa 1870, inda kusan kowane falo ke da murhun jin ɗumi a jikin bango, da bututun hayaƙi na bulo da ya haura har saman rufi. A da itace ko kwal ake ƙonawa a ciki. Yanzu wasu na son sanya na gaz a gurbinsa, don babu toka babu ɗaukar itace. To amma kafin sayen murhun, sai an amsa tambayoyi biyu: daga ina wutar za ta samu iska, kuma ina hayaƙinta zai bi?

Gaz ba ya ci sai da iskar oksijin. Idan ta wadata, harshen wutar kan yi shuɗi, abin da ke fita kuma tururin ruwa ne da iskar karbon dayoksid. Idan ta yi ƙaranci, sai a samu karbon monoksid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, sai suma. A Faransa, hukumomin kiwon lafiya na lissafa dubban mutane da ke shaƙar ta kowace shekara, kimanin 100 kuma na rasa ransu.

Tsohon bututu ba ya isa shi kaɗai. An gina shi da faɗi don hayaƙin itace mai zafi sosai, wanda ke tashi da ƙarfi. Hayaƙin gaz bai kai shi zafi ba, ga shi cike da ruwa: mita kubik ɗaya ta gaz na ba da fiye da lita ɗaya da rabi. A cikin bututu mai faɗi da sanyi, ruwan kan kwanta a bango, yana cin haɗin bulo a hankali, hayaƙi kuma ya riƙa zurarewa ta tsage zuwa ɗakunan sama, har da na maƙwabta. Shi ya sa ake fara kiran mai sharar bututu ya tsabtace shi, ya gwada shi da hayaƙi don gano inda ya tsage.

Hanya ta farko ita ce a zura sabon tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin tsohon bututun, tun daga murhu har sama. Murhun na shan iskar ɗakin, hayaƙi na tashi da kansa. Fuskar gidan ba ta canzawa. Sai dai dole a bar kafar shigar iska a bango, kada a toshe ta ko da ana ɗari. Idan an sa sabbin tagogi masu rufewa gam, ko akwai fankar jan hayaƙi a ɗakin girki, tana iya juyo hayaƙin murhun ya dawo cikin ɗaki. Dokar Faransa ta kuma ce bakin irin wannan bututu ya ɗara tsinin rufi da santimita 40.

Hanya ta biyu, wadda Faransawa ke kira ventouse, ita ce rufaffen murhu mai gilashi a gaba, da tiyo biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki ke fitar da hayaƙi, na waje ke jawo iska daga waje. Wutar ba ta taɓa iskar da mutane ke shaƙa, don haka ita ce mafi aminci. Ana iya huda bango a fitar da tiyon, ko a bi ta rufi, ko a zura shi a tsohon bututu, hayaƙi ya bi tiyo, iska ta sauko ta gefensa. Idan ta bango ne, bakinsa sai ya yi nesa da taga da aƙalla santimita 40, da kafar shigar iska da santimita 60. Huda bango na bukatar yardar mai gida da sauran masu ginin. Idan kuma gidan na cikin mita 500 da wani ginin tarihi, galibi sai jami'in kula da gine-ginen tarihi ya duba.

Hanya ta uku ta gidan da murhunsa ke tsakiya ce, nesa da bango da rufi. Nan ana sa fanka ta tura hayaƙi ta doguwar hanya mai lanƙwasa. Tana da tsada, tana ɗan ƙara, kuma idan an ɗauke wutar lantarki murhun ma ya tsaya.

Ta huɗu ita ce murhu marar bututu gaba ɗaya. Shi ne mafi sauƙin kafawa, kuma shi ya fi bukatar hattara, don duk abin da ya ƙona a ɗaki yake zama. Yana da na'urar da ke kashe wuta idan oksijin ta sauko zuwa kusan kashi 18 cikin 100, alhali ta saba tana kashi 21, amma na'urar ba ta hana danshi. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta hana amfani da shi a gidajen zama. A Faransa, shawarar hukuma game da ƙananan na'urorin ɗumama ɗaki marasa bututu ita ce kada su wuce awa biyu a jere.

Kowace aka zaɓa, aikin na ƙwararren ma'aikacin gaz ne, da shara da dubawa sau ɗaya a shekara, da na'urar da ke yin ƙara idan ta ji karbon monoksid. Mai haya kuma kada ya taɓa bututu kafin ya samu izinin mai gida a rubuce.

Wannan iskar dai ita ce ke fita daga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa lokacin hunturu, da murhun girki na kwalbar gaz idan an kunna shi don jin ɗumi an rufe ƙofa da taga. Gidajen nan ba su da bututun hayaƙi, taga ce kawai mafita. Kada a kwana da wuta a ɗaki. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka ji ciwon kai da jiri a lokaci guda, a buɗe ko'ina, a kashe wutar, a fita waje, a nufi likita.