The Sims: masoya ne suka ƙawata gidan, masu shi kuma sun sa shi a kasuwa

Duk wanda ya buɗe wasan kwamfuta na The Sims 4, aikin farko da ke gabansa shi ne tsara ɗan tsanar da zai yi wasa da shi: faɗin goshi, tsayin hanci, ƙiba ko rama, sutura, har da hali. A wannan mataki ne Amira Virgil, wata matashiya baƙar fata 'yar Amurka da aka fi sani da Xmiramira a intanet, ta riƙa cin tuntuɓe. Launukan fata masu duhu da kamfanin ya tanada kaɗan ne, kuma ba su da kyan gani. Fatar takan fito da toka-toka kamar ta wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba, kwalliyar fuska kuma ba ta zama a kanta. A shekarar 2016 sai ta zauna ta haɗa nata launukan, ta sa musu suna Melanin Pack, ta saka a intanet domin duk mai so ya sauke. Ta kuma buɗe dandalin The Black Simmer, inda baƙaƙen fata masu wannan wasa suke haɗuwa.

Sai da aka yi shekara huɗu kafin kamfanin da ya mallaki wasan ya yi gyaran a zo a gani kan abin da ita ta gyara daga ɗakinta.

Ga wanda bai san shi ba, The Sims wasa ne da babu harbi, babu ƙwallo, babu wanda ake kayarwa. Ana kwaikwayon rayuwar yau da kullum ne kawai. Mai wasa yana gina gida, ya zuba mutane a ciki waɗanda ake kira Sims, ya nema musu aiki, ya aurar da su, su haihu, su tsufa, su mutu. Idan ya manta bai tura su kicin ba yunwa ta kama su, idan wanda bai iya girki ba ya kunna murhu gobara na iya tashi. Suna magana da wani yaren da babu shi a duniya, Simlish, wanda aka ƙirƙira domin kowa ya fassara shi da zuciyarsa. Will Wright, wanda ya yi SimCity a 1989, shi ne ya kawo dabarar. Gidansa na cikin waɗanda gobarar Oakland ta jihar Kalifoniya ta cinye a 1991, kuma sake sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya ya sa shi tunanin abin da mutum yake buƙata da gaske kafin ya ji daɗin zama. A farkon aikin sunan da ake kiran wasan da shi yana nufin gidan 'yar tsana, kuma duk yarinyar da ta taɓa jera gwangwanayen tumatir a matsayin tukwanen amarya ta san inda aka dosa.

Kamfanin Maxis, ƙarƙashin Electronic Arts, wato EA, ya fitar da wasan a watan Fabrairun 2000. Na biyu ya zo a 2004, na uku a 2009, na huɗu a Satumban 2014. Tun Oktoban 2022 ana sauke tushen The Sims 4 kyauta, kuma a 2024 EA ya ce mutanen da suka buga shi sun haura miliyan 85. Kyautar dai ta shiga ce kawai. Damina da rani, karnuka da kyanwoyi, jami'a, dawaki, duk sayensu ake yi daban-daban, babban ƙunshi guda kan dala 40, sama da jaka 20 na CFA. Wanda ya ce sai ya mallaki komai zai kashe fiye da dala dubu.

Abin da ya riƙe wasan shekara 25 bai tsaya kan abin da kamfanin ke sayarwa ba. Tun zamanin wasan farko masoyansa suka gano yadda ake buɗe cikinsa a ƙara kaya. Shafuka irin su The Sims Resource da Mod The Sims, sannan daga baya Tumblr, sun cika da kujeru, labule, takalma, gashin kai, girar ido, da ƙananan manhajoji masu sauya dokokin wasan kansa. Kayan ado suna kiransu CC, masu sauya dokoki kuma mod. Har ɗarikoki biyu ake da su a wannan sana'a: masu yin kayan da suka saje da zanen wasan na asali, da masu son komai ya yi kama da hoton gaske, har silin gashi ɗaya-ɗaya. Musu tsakaninsu ba ya ƙarewa.

Wasu kuma labari suke bayarwa. Tun zamanin The Sims 2 wani mai wasa da ake kira Pinstar ya kafa ƙa'idar da ta shahara: a fara da mutum guda matalauci a kan fili babu gini, a riƙe zuri'arsa har tsatso goma ba tare da maguɗin kuɗi ba. Mutane sun shafe shekaru suna bin iyali ɗaya suna wallafa tarihinsa kashi-kashi, masu karatu na jira kamar yadda ake jiran ci gaban littafin soyayya a WhatsApp. A 2009 wani ɗalibi a Ingila, Robin Burkinshaw, ya tsara uba da 'yarsa, Kev da Alice, ya hana su gida da kuɗi, ya bar su suna kwana a kan bencin lambu, yana rubuta abin da ke faruwa da su. Labarin ya zaga duniya, kuma da yawa daga masu karanta shi ba su taɓa buga wasan ba.

A fagen gashi ne aikin masoya ya fi fitowa fili. Danielle Udogaranya, 'yar Landan mai tsatso da Najeriya wadda ake kira Ebonix, ta koya wa kanta zanen siffofi a kwamfuta saboda ta rasa kitson da ya yi kama da nata a wasan. Aikin ba ƙarami ba ne. Kowane abu a wasan an gina shi ne da ƙananan kusurwoyi da ake harhaɗawa. Gashi mai santsi yana yiwuwa da 'yan shimfiɗu kaɗan, amma kitso, da murɗaɗɗen gashi, da tsagar da ke tsakanin layi da layi, suna cin kusurwoyi masu yawa, in suka yi yawa kuma kwamfuta ta fara nishi. Dole mai yi ya san kitson da idonsa, ya san inda ake kama shi da inda yake kwanciya a wuya, sannan ya san inda zai rage nauyi ba tare da abin ya koma kamar hular roba ba. Wannan ilimi ne da ɗakunan tsara wasanni na Kalifoniya suka daɗe ba su nema ba, alhali yana hannun kowace mai kitso.

A 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, koken ya yi ƙarfi. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar neman gyara. A watan Agusta Lyndsay Pearson, ɗaya daga shugabannin wasan, ta fito a bidiyo ta amsa cewa akwai gazawa, a watan Disamba kuma aka ƙara launukan fata sama da 100 kyauta, bayan tuntuɓar masu ƙirƙira irin su Xmiramira da Ebonix. Kafin nan, a Satumban 2019, an riga an saka hijabi da hular maza irin ta Musulmi, abin da shi ma masoya suka daɗe suna ɗinka wa kansu. Yabon da aka yi wa kamfanin a lokacin bai kamata ya rufe tsarin da abin ya bi ba: masoya su gano giɓi, su cike shi da guminsu, sannan kamfanin ya biyo sawu.

Gumin nan kuwa wa zai biya shi? Nan ne rigimar cikin gida take. Kitso guda na iya cin kwanaki ana aikinsa, don haka masu ƙirƙira da yawa suka koma Patreon, inda masoya ke biyan wani abu duk wata. Wasu sukan ba masu biya kayan da wuri, bayan 'yan makonni su sake shi ga kowa. Wasu kuma suka kulle nasu dindindin sai da kuɗi, abin da ya haifar da shafukan da ke kwashe kayan suna rabawa kyauta, da zage-zage, da tonon asiri. A Yulin 2022 EA ya shiga tsakani da doka: duk abin da aka yi domin wasan dole ya zama kyauta ga kowa. Da hayaniya ta tashi sai ya fayyace cewa an yarda a ba masu biya fifiko na ɗan lokaci. Dokar ta kwantar da ƙura, ta kuma tuna wa kowa wanda ke da filin. Haka nan duk lokacin da kamfanin ya sabunta wasan, ɗimbin mod sukan lalace, masu su kuma su kwana gyara ba tare da an biya su ko dala ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Daga ƙarshen 2024 kamfanin ya fara ɗaukar wasu fitattun masu ƙirƙira su yi masa ƙananan ƙunshin kaya da yake sayarwa a hukumance, sai dai waɗanda wannan ƙofa ta buɗe wa a lokacin 'yan ƙalilan ne.

Ga matashin Maradi ko Damagaram, shingen ya fi haka kusa. The Sims 4 wasan kwamfuta ne da na'urorin PlayStation da Xbox, CC da mod kuma a kwamfuta kaɗai suke aiki. Wanda wayar salula ce duk abin da ya mallaka zai iya samun The Sims FreePlay, amma ba zai iya saka wa 'yar tsanarsa kitson Ebonix ba. Yawanci ta YouTube da TikTok ake leƙen wannan duniya, inda ake kallon masu gini suna tayar da gida cikin minti goma. Manhajojin da ake aikin da su, Blender da Sims 4 Studio, kyauta ne. Kwamfuta mai ƙarfi, wutar da ba ta ɗaukewa da kuɗin intanet su ne tsadar. Ga 'yan ƙasar da ke karatu ko aiki a Faransa, Kanada ko Amurka, waɗanda waɗannan abubuwa ba su gagare su ba, babu abin da ya hana shadda mai aiki, lalle ko zanen bangon gidajen Birni shiga wasan ta hanyar da kitson ya bi ya shiga.

A ranar 29 ga Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayar da EA kan dala biliyan 55 ga gungun masu zuba jari uku: asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Kimanin dala biliyan 20 na kuɗin bashi ne. Cikin makonni kaɗan wasu daga manyan masu bidiyon wasan, ciki har da Kayla Sims da aka sani da lilsimsie, da James Turner, da Plumbella, suka fice daga shirin haɗin gwiwar da ke ba su wasanni kafin kowa da kaso daga ciniki. Sun ce ba za su ci gaba da tallata kamfanin ba a ƙarƙashin sabbin masu shi. Fargabar da ake bayyanawa iri biyu ce. Akwai masu tsoron a taƙaita 'yancin da wasan ya daɗe yana bayarwa na tsara kowane irin mutum da kowace irin alaƙa, har da ta jinsi ɗaya, batun da ra'ayi ya sha bamban a kansa daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai kuma masu lissafin cewa bashi mai nauyin haka daga aljihun 'yan wasa da guraben ma'aikata za a biya shi. Masu kula da The Sims sun fitar da sanarwa cewa manufofinsu ba su sauya ba.

A da, mai fushi da EA ba shi da wurin zuwa. Kamfanin Paradox ya yi yunƙurin fito da kishiya mai suna Life by You, ya soke ta a Yunin 2024 kafin ta fito. Amma a Maris na 2025 kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai PUBG, ya saki inZOI, aka sayi kwafi miliyan ɗaya cikin mako guda, duk da cewa sai kwamfuta mai tsada ke iya ɗaukarsa. A birnin Montreal na Kanada kuma akwai Paralives, wanda Alex Massé ya fara shi kaɗai, daga baya ya tara ƙaramar tawaga. Daga 2019 albashin tawagar daga Patreon ya riƙa fitowa, daga aljihun masu son irin wannan wasa, kuma an yi musu alkawarin kayan aikin da za su ƙara nasu abubuwan a ciki, da cewa ba za a sayar musu da ƙarin ƙunshi ba.