Shin Ko Kun San? Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Shin ko kun san siminti ba bushewa yake yi ba, shan ruwa yake yi? Da ruwa ya taɓa garin, kowace ƙwaya sai ta soma narkewa, ta tsirar da siraran zarurruka da ɓawo-ɓawo waɗanda ido ba ya gani, su sarƙe da na maƙwabciyarta. Wannan saƙa ce ke riƙe yashi da tsakuwa. Shi ya sa kankare ke ƙanƙarewa ko a ƙarƙashin ruwa.

Ko kun san girman saƙar? A ɗauki giram ɗaya na busasshen siminti, a shimfiɗe fuskar kowace ƙwaya: ba zai rufe dardumar salla ba. Bayan ya sha ruwa ya kama, fuskokin da ke cikin giram ɗayan nan sukan kai murabba'in mita 200. Wato ɗan guntu mai giram 35, wanda yaro zai damƙe a tafinsa, filin ƙwallo ne a nannaɗe. Masana Powers da Brownyard ne suka auna haka da tururin ruwa a Amurka cikin shekarun 1940. In aka auna da iskar naitirojin kuwa sai adadin ya ragu ƙwarai, don akwai lungunan da ruwa ke shiga ita ba ta shiga. Har yau masana na ja-in-ja a kai.

Ko kun san buhu mai kilo 50 ruwan da yake bukata bai wuce lita 20 ba, jarka guda ke nan? Abin da lebura ya ƙara don kwaɓi ya yi laushin shebur fita zai yi, ya bar ƙananan ramuka. Tun 1918 masani Duff Abrams ya nuna cewa yawan ruwan kwaɓi ke rage ƙarfi.

Ban ruwa bayan an buga bulo kuma wani abu ne daban, kuma nan ne muke rowa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 gidajen haya ke ta tashi, bulo ba ya kwantai. Madatsar Zobe na kusa, amma jarkar ɗan ga-ruwa kuɗi ce. To, iskar hunturu ba ta san wannan lissafi ba. Bulon da aka shanya a fili a Kurfi ko Dutsin-Ma, in ta zuƙe ruwansa kwana biyu da bugawa, saƙar ta tsaya a rabin hanya. Ya yi fari fat kamar ya nuna, ka murza gefensa ya zube.

Ko kun san a kwana 7 kankare ya kai wajen kashi biyu cikin uku ne kawai na ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa a kwana 28?

Tsagewar filasta fa? Ruwan da ke maƙale a waɗancan lunguna ne ya fice, saƙar ta tsuke, bango ya ƙi binta.