Daga Teburin Mahauci zuwa Fagen Fama: Asalin Kalmomin Kisa a Turanci

Mai karanta jaridun Turanci a lokutan yaƙi ko tarzoma yakan ci karo da kalmomi iri-iri masu nufin kisa, kuma idan aka bi diddiginsu za a tarar da yawa daga cikinsu sun fara aiki ne a mahauta, inda ake yanka dabbobi da sayar da nama, kafin daga baya a ɗora su kan zubar da jinin mutane.

Wasu daga cikin tsofaffin kalmomin dai daga duka suka samo asali. Kalmar slay, wadda a yau ba a cika jin ta da ma'anar kisa ba sai a littattafai da kanun labarai, ta fito ne daga slean ta tsohon Turanci mai ma'anar bugu, haka ita ma kill da farko bugu take nufi, sai a wajen ƙarni na 14 ta tsaya a kan ɗauke rai. Murder kuwa, wadda ke da dangantaka da mors ta Latin mai nufin mutuwa, a da kisan ɓoye ne ainihin ma'anarta, irin wanda mai aikata shi yake lulluɓewa. Bayan Normawa, wato mutanen Normandi ta arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sai aka kafa wata tara mai suna murdrum: duk gundumar da aka tsinci gawa a cikinta ba a san wanda ya yi kisan ba, ana ɗaukar mamacin Banorme ne, jama'ar wurin su biya, sai fa in sun kawo shaidar cewa ɗan ƙasa ne. Ba a soke wannan doka ba sai a 1340.

Su waɗannan Normawa ne suka shigo da kalmar butcher, wato mahauci, daga bochier ta tsohon Faransanci, tushenta kuwa boc, ma'ana bunsuru. Ke nan asalin mahaucin Turanci mai yanka awaki ne kawai, sannan sunan ya game duk mai sana'ar fawa, daga bisani kuma ya zama zagi ga duk shugaba ko kwamandan da ke kisa babu tausayi. Slaughter ta zo ta wata hanyar, daga bakin mutanen Arewacin Turai da ake kira Viking, waɗanda suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9, kuma a harshensu slátr naman yanka ne.

Babu kalmar da ta yi doguwar tafiya kamar shambles. Mafarinta scamellum ce ta Latin, ƙaramin benci, wadda ta shiga tsohon Turanci da ma'anar kujera ko teburin da ake baza haja. Da yake a kan irin wannan tebur mahauta ke jera nama, sai sunan ya koma kan layin mahauta, daga nan ya koma kan mayanka, sannan kan duk wurin da jini ya kwarara, har a ƙarshe ya lafa ya zama hargitsi kawai, ta yadda Bature zai dubi ɗakin da yara suka birkita ya kira shi da wannan suna ba tare da nama ya faɗo masa a rai ba. A birnin York na Ingila har yau akwai wani ɗan siririn titi mai suna Shambles, inda ake iya ganin ƙugiyoyin rataye nama da faffaɗan katakai a bakin tagogin wasu shaguna, ko da yake 'yan yawon buɗe ido ne suka maye gurbin masu cefane.

Massacre ma a tsohon Faransanci mayanka take nufi, kuma ta samu gindin zama a Turanci ne bayan abin da ya faru a Paris a watan Agusta na 1572, lokacin da aka hallaka dubban mabiya Furotesta a ranar bikin Waliyyi Bartholomew da makonnin da suka biyo baya. Carnage kuwa daga caro ta Latin take, wato tsoka. Abin lura a nan shi ne, inda Bature ya ga mahauta a irin wannan ta'asa, Bahaushe ƙwari ya gani, ya ce kisan kiyashi. Ɗaya ya dubi jinin, ɗaya ya dubi yawan da rashin ƙimar da aka yi wa rayukan.

Abattoir ita ce auta a cikinsu, kuma ita ce ta tsaya ga dabbobi. Tushenta abattre ta Faransanci, ma'ana kayar da abu ƙasa, ta kuma yaɗu ne bayan Napoleon ya ba da umarni a 1810 a gina mayankai na gwamnati a gefen Paris domin raba tsakiyar gari da jini da wari, aka buɗe su a 1818. Turawan Ingila sun are ta a ƙarni na 19, ga alama don ta fi slaughterhouse daɗin ji, sannan mulkin mallaka ya kawo ta ƙasar Hausa, inda ta zama abatuwa, sunan da mahautan Kano ke kiran babbar mayankarsu da shi.