Ali Farka Ture: Manomin da Ya Haskaka Garinsu

Lokacin da nake tattara bayanan digirina na uku a kan kalmomin da Hausa da Zabarmanci suka ara daga juna, na taɓa shiga motar haya daga Dosso zuwa Yamai. Direban, wani dattijo Bazabarme, kaset ɗaya ya yi ta juyawa tun da muka ɗauki hanya. Da kiɗan ya ratsa ni sai na ce, "Baba, wane ne wannan?" Ya ce Farka ne. Na yi murmushi, domin a kunnen Bahaushe kalmar farka ko dai tashi daga barci take nufi, ko kuwa wancan abokin ɓoye da ba a ambatonsa a gaban surukai. Dattijon ya gane abin da ya ba ni dariya, ya ce, "Malam, a wajenmu jaki ke nan." Daga nan ya shiga ba ni labarin mutumin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har muka isa bai yabi muryarsa ko hannunsa ba sau ɗaya, zancensa duk a kan abin da ya yi wa mutanen garinsu ne.

An haifi Ali Ibrahim Ture a 1939 a ƙauyen Kanau da ke bakin Kogin Kwara, a arewacin Mali. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, don haka aka laƙaba masa jaki saboda juriya da taurin kai. Mu ma muna da irin wannan al'ada ga ɗan wabi, inda ake ba shi sunan da ba ya jan ido. Yana jariri mahaifinsa ya rasu, iyalin suka koma Niyafunke a yankin Tumbutu, kuma garin ya zama nasa har kabari.

Ali bai gaji kiɗa ba. Gidansu ba na maroƙa ba ne, kuma danginsa ba su yi murna ba da suka gan shi da ɗan molonsa mai tsirkiya ɗaya da kuma njarka, wata 'yar ƙaramar goge. Bai yi karatun boko ba, saboda haka da hannunsa ya ci abinci: ya yi noma, ya yi tuƙin mota, ya yi kanikanci, ya tuƙa jirgin ruwan ɗaukar marasa lafiya, daga baya kuma a shekarun 1970 ya yi aikin sarrafa na'urorin ɗaukar sauti a Rediyon Mali. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa gita, abin ya shiga ransa, amma sai a 1968, da ya je wani bikin al'adu a Bulgeriya, ya sayi tasa ta kansa. Shekara goma sha biyu ke nan yana aron ta mutane.

Da faifansa suka isa Turai, Turawa suka ce ga mai kiɗa irin na baƙaƙen Amurka, suna kwatanta shi da John Lee Hooker. Shi kuwa a ganinsa sun juya zancen ne, domin daga ƙasarsu aka kwashi kiɗan zuwa can tare da bayi. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake waƙa da Songhai da Fulatanci da Tamashek da Bambara, a yankin da waɗannan al'ummu suka sha zubar da jinin juna. Kowa a kasuwar Niyafunke yana iya jin harshen uwarsa a bakin Ali.

Faifansa Talking Timbuktu, wanda ya yi da Ry Cooder a 1994, ya samo masa lambar Grammy. A nan ne mutum zai zaci ya sayi gida a Faransa ya huta. Ali sai ya koma gona. Kuɗin da ya samu ya zuba su a injinan ban ruwa da noman shinkafa, ya rage fita waje ƙwarai. Da kamfanin da ke buga faifansa a Landan ya matsa, sai dai ma'aikatansa suka ɗauko na'urorinsu da janareta suka zo Niyafunke, suka kafa a wani tsohon gini, suna jira ya dawo daga gona kafin a fara ɗauka. Faifan da ya fito a 1999 sunan garin ya sa masa.

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niyafunke. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyin gari, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man janaretan da ke ba garin wutar lantarki. Mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. Mun saba da wanda ya shiga kujera da keke ya fita da jerin motoci, ga kuma wanda ya shiga da dukiya ta ƙare a kan maƙwabtansa. Ba 'yan siyasa kaɗai nake wa wannan magana ba. Mu da muka yi boko, da kuɗin gyaɗa da audugar iyayenmu aka gina makarantun da suka ɗaga mu, amma nawa ne a cikinmu ke zuwa ƙauye in ba sallah ko jana'iza ba? Ni kaina rijiyar unguwarmu ta shekara biyu a rufte kafin na ji labari, kuma a bakin wani na ji.

Game da iyali kuwa, ya san wahalar da ke cikin kiɗa da yadda ake cutar makaɗa, shi ya sa ya hana ɗansa Vieux bin sawunsa, ya so ya shiga soja. Sai da amininsa Tumani Jabate, gwanin kora, ya sa baki sannan ya sauko. Da ya sauko ɗin bai tsaya a albarkar baki ba: yana fama da ciwon daji na ƙashi ya lallaɓa ya kaɗa gita a faifan farko na yaron.

Allah Ya yi masa rasuwa a Bamako a watan Maris na 2006, 'yan makonni bayan an ba shi Grammy ta biyu a kan faifan da suka yi da Tumani, aka kai gawarsa Niyafunke. Bai ga 2012 ba, shekarar da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali suka haramta kiɗa har a garin nasa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Da muka sauka a tashar Yamai na roƙi dattijon ya sayar mini da kaset ɗin. Ya zaro shi ya miƙo mini, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce yana da wani a gida.