Switch 2 a Hannun 'Yan Gem: Maganaɗisu Ya Burge, Amma Tsohon Ciwon Fad Yana Nan

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san yadda abin yake. Kafin a zaɓi ƙungiya, kafin a fara gardamar wa zai ɗauki Real Madrid wa zai ɗauki Barcelona, akwai wata 'yar rigima da ake fara yi: wa zai riƙe fad mai kyau? Kusan kowane shago yana da fad guda da kowa ke gudu, wanda ɗan wasanka zai kama hanyar gefen fili shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Talabijin ɗaya, na'ura ɗaya, amma wanda ya samu wancan fad ɗin an ci shi tun ba a take wasa ba.

Shi ya sa da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, hirar 'yan gem ba ta tsaya kan ƙarfin injinta kaɗai ba. Da yawa daga cikin abin da aka yaba da abin da aka kushe, a hannu aka ji su.

Abin da ido ya fara gani

Switch na'ura ce mai fuska biyu: kana iya riƙe ta kamar babbar waya, kana kuma iya ɗora ta kan mazauninta ka buga a talabijin. Ta farko ta fito a watan Maris na 2017, an kuma sayar da fiye da miliyan 150. Sabuwar ta shigo kasuwa a kan dala 449.99 a Amurka, ko dala 499.99 haɗe da wasan Mario Kart World. Duk da tsadar, Nintendo ya ce ya sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana 4 na farko, abin da wata na'urarsa ba ta taɓa yi ba.

Allonta ya girma daga inci 6.2 zuwa inci 7.9, ingancin hoto ya tashi daga 720p zuwa 1080p, yana kuma iya sabunta hoto har sau 120 a daƙiƙa. A talabijin tana kaiwa 4K. Ma'ajiyar ciki ta tashi daga 32GB zuwa 256GB.

Sai dai ba a rasa ƙorafi ba. Allon LCD ne, don haka waɗanda suka saba da samfurin OLED na 2021 sun ce baƙin launi bai kai wancan zurfi ba. Masu gwajin na'urori kuma sun lura hoto na ɗan barin inuwa idan abu yana gudu da sauri. Batir ma ya sha suka: kamfanin da kansa ya ce caji ɗaya na ɗaukar awa 2 zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin wasan. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai kuɗin wasanni: Mario Kart World shi kaɗai dala 79.99 ne. Hatta Welcome Tour, ɗan wasan da ke koya maka yadda na'urar take, sai ka biya dala 9.99, alhali Sony kyauta ya saka irinsa, Astro's Playroom, a cikin PS5.

Abin da hannu ya ji

Inda kusan baki ya zo ɗaya wajen yabo shi ne yadda ake maƙala ƙananan fad ɗin nan biyu, Joy-Con 2, a gefen na'urar. Na tsohuwar Switch zura su ake yi ta kan wata siririyar hanya, kuma da tafiya ta yi tafiya sai su fara girgiɗi. Na sabuwar kuwa maganaɗisu ne a jikin na'urar ke fizgar maɓallan SL da SR, waɗanda aka yi da ƙarfe. Kana kusanto da shi sai ka ji ya kama, tsaf. In za ka cire, akwai maɓalli a baya da ke tura shi waje.

Girman ma ya ƙaru, sandar juyawa ta yi faɗi, kuma masu manyan hannaye da suka daɗe suna cewa tsohon Joy-Con kamar na yara aka yi sun samu sauƙi. Amma har yanzu bayan na'urar a shafe yake, ba inda tafin hannu zai zauna. Nauyinta kuma ya haura giram 500, yayin da tsohuwar ba ta kai 400 ba. Wanda ya kwanta yana bugawa na awa guda zai ji a wuyan hannunsa. Shi ya sa kasuwar rigunan na'ura masu tudun riƙewa ta buɗe tun makon farko.

Sabon abu na biyu shi ne aikin linzami. In ka cire Joy-Con 2 ka kwantar da shi a gefensa kan tebur, ko ma kan cinyarka, sai ya koma linzamin kwamfuta. A wasannin harbi irin su Fortnite da Cyberpunk 2077, ko na tsara dabara irin Civilization VII, saiti ya fi sauri da daidaito. Matsalar ita ce siriri ne, ba a ƙera shi don tafin hannu ya kwanta a kai ba, saboda haka mutane da dama sun ce yana da daɗi na ɗan lokaci amma yana gajiyarwa. Akwai kuma sabon maɓalli mai harafin C da ke buɗe GameChat, inda za ka yi hira da abokai ta makirufon da ke jikin na'urar kuna cikin wasa.

Ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Yanzu mu koma kan fad ɗin nan na gidan gem da ke tafiya shi kaɗai. Wannan ciwo shi ne babban tabon tsohuwar Switch. A 2019 an maka Nintendo a kotu a Amurka a kansa. A 2020 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba masu saye haƙuri. A Janairun 2021 ƙungiyar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Turai, BEUC, ta shigar da ƙara bayan samun ƙorafi kusan 25,000, kuma a 2023 kamfanin ya amince zai riƙa gyara Joy-Con masu wannan matsala kyauta a Turai ko da wa'adin garanti ya wuce.

Me ke jawo shi? A ƙarƙashin sandar juyawa akwai wani ɗan ƙarfe da ke gogar wani siririn layi na gawayi. Inda ƙarfen ya tsaya shi ke gaya wa na'ura inda ka karkata sandar. Kullum ana guga, layin na cinyewa, ƙura na shiga, har a kai ga na'urar ta riƙa karanta motsin da ba a yi ba. A ƙasar da hunturu ke cika ɗaki da ƙura, lamarin ya fi saurin faruwa.

Maganin ba sabo ba ne. Akwai sanda mai aiki da fasahar Hall, inda ɗan maganaɗisu ke motsi kusa da wani abin auna ƙarfinsa ba tare da sun taɓa juna ba. Tunda babu guga, babu cinyewa. Kamfanin Sega ya yi amfani da ita a fad ɗin Dreamcast tun 1998, kuma a yau kamfanoni irin su 8BitDo da GuliKit da GameSir na saka ta a fad masu sauƙin kuɗi.

Mutane sun sa rai Switch 2 za ta zo da irin wannan. Ba ta zo da ita ba. Nintendo ya ce ya sake ƙera sandar daga tushe, amma ya tabbatar ba ta Hall ba ce, kuma da masu gyara na iFixit suka warware Joy-Con 2 sun tarar da tsarin guga irin na da. Wasu na hasashen maganaɗisun da ke riƙe fad ɗin ne zai rikita sandar Hall. Ko ma mene ne dalili, wanda ya sayi na'urar ta hannun ɗan kasuwa a Kano ko Maraɗi ba ya cikin waccan yarjejeniyar gyara kyauta ta Turai. In sanda ta fara tafiya, ko ya nemi mai gyara, ko ya sayi sababbi, waɗanda guda biyu suka shigo kasuwa a kan dala 94.99.

Kada kuma a ɗauka Nintendo ne kaɗai. DualSense na PS5 da fad ɗin Xbox duk tsarin guga suke amfani da shi, kuma duk an yi ƙorafi a kansu.

To wane fad ne ya fi daɗin riƙo?

A nan ne gardama ba ta ƙarewa, domin kowa da hannun da ya tashi da shi.

Wanda ya girma kan PS2 da wasan ƙwallo na Winning Eleven zai ce maka sanduna biyu a jere a ƙasa, kamar yadda Sony ya tsara tun DualShock na 1997, su ne daidai. DualSense na 2020 ya ɗora a kai da maɓallan baya masu tauri ko laushi gwargwadon abin da kake yi a wasa, da jijjiga mai bambanta tafiya kan yashi da tafiya kan ƙarfe. Rauninsa shi ne saurin shan caji.

Masoya Xbox kuwa sun fi son sandar hagu a sama, inda babban yatsa ke sauka da kansa. Microsoft ya fara da wani ƙaton fad a 2001 da aka yi ta yi wa dariya saboda girmansa, ya rage shi, sannan na Xbox 360 a 2005 ya zama abin koyi har ga masu buga gem a kwamfuta. Har yau batir AA biyu yake ɗauka. Wasu na ganin ci baya ne, amma inda babu tabbacin wuta, canza batir cikin daƙiƙa goma alheri ne.

A ɓangaren Nintendo, wanda ya fi samun yabo a wannan karo shi ne sabon Pro Controller, da ya fito a kan dala 84.99. Sandunansa na juyawa sumul ba ƙara, yana da ƙarin maɓallai biyu a baya, GL da GR, da ramin saka abin sauraro. Sai dai maɓallan bayansa ko a danna ko a saki ne kawai, ba sa auna yawan dannawa, abin da masu wasan tseren mota ba sa so. Kamfanin ya kuma dawo da fad ɗin GameCube na 2001, mai ƙaton maɓallin A kore a tsakiya, wanda 'yan wasan Super Smash Bros. suka ƙi rabuwa da shi sama da shekara 20. Abin daɗi, tsofaffin Joy-Con da Pro Controller na aiki da sabuwar na'urar ba tare da waya ba.

Kai mai waya fa?

Ko ba ka da niyyar sayen Switch 2, wannan magana ta shafe ka. Fad ɗin PS4 da PS5 da na Xbox masu Bluetooth suna haɗuwa da wayoyin Android da iPhone. Call of Duty Mobile na karɓar fad, yana kuma haɗa masu fad da 'yan uwansu masu fad don kada a cuci masu taɓa allo. PUBG Mobile kuwa bai amince da shi a hukumance ba, don haka fara bincika wasan da kake bugawa kafin ka kashe kuɗi.

In ka tashi saye, sabo ko na hannu, riƙe shi na 'yan mintuna ka ji yadda ya zauna. Duba jikin kwalin ko an rubuta Hall ko TMR, wata sabuwar fasahar maganaɗisu mai aiki iri ɗaya. Sannan ka haɗa shi da waya a gaban mai shagon, ka buɗe wasa, ka ɗauke yatsunka daga kan sandunan gaba ɗaya. In ɗan wasan ya tsaya cak, ku yi ciniki. In ya fara takawa shi kaɗai, ajiye masa kayansa.