Laifin katako ne ko na lodi?

Tun da Ministan harkokin sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya nemi jihohi su raba jama'a da jiragen katako a koma na faiba da alminiyom, ake ta cacar baki daga Yawuri har Lokoja. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu suka haƙiƙance katakon ne ke cinye mutane.

A leƙa bakin ruwa a ga masu haɗa jirgi. Sai sun zaɓi ice mai jure ruwa irin maɗaci ko kawo. Su shimfiɗa gindin, su riƙa ɗora falanki bisa falanki, kowanne a fere gefensa har ya zauna daram da ɗan'uwansa. A kafa ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a tsagar, a bi da kwalta. Ragowar aikin ruwa ne ke yi: katako in ya jiƙa kumbura yake, sai ya matse mahaɗar da kansa. Shi ya sa sabon jirgi kan ɗan yi yoyo da fari sannan ya daina, wanda kuwa aka yasar a rana wata da watanni, falankinsa sun bushe sun ja baya, shi ne abin tsoro. A Kanada da Amurka har gobe ana haɗa kwale-kwale da siraran katako, a manne su da gam, a lulluɓe da zaren gilashi.

Ƙwarya tana yawo kan ruwa muddin bakinta na sama. A danne ta da kaya, ƙaramar igiyar ruwa ta ishe ta. Jirgin da ya nutse a Warrah ta jihar Kebbi a 2021 yana ɗauke da mutum sama da 150. Na Gbajibo a jihar Neja, a Oktoban 2024, kusan 300 ne a ciki, kuma da dare, a ruwan da kututture ke kwance ba a gani. Ko na faiba ne aka yi wa wannan lodi, ƙasa zai yi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ceto. To wa ke tsaye a mashiga yana ƙirga fasinja, yana ƙwanƙwasa falanki ya ji ko ya ruɓe? Kafin a raba kafintocin bakin kogi da sana'arsu, a fara ajiye wannan ma'aikacin. Mu ma fasinja, in jirgi ya cika, mu haƙura mu jira na baya.