Tsohuwar Ƙauye: Daga Bakin Rumbu zuwa Wasan Jika

In kaka ta yi a ƙauyukan ƙasar Zazzau ko Katsina, ana ƙirga dami da sunan maigida: wane ya samu dami kaza na gero, kaza na dawa. Ba a ambaton uwargida a wannan lissafi, alhali dami ba ya zama tuwo sai ya bi ta hannunta. Ita ke sussuka, ta yi shiƙa, ta surfa, ta bakace, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe. Kafin injin niƙa ya shigo ƙauye, luguden taɓarya ne ke biyo bayan kiran assalatu. Ko dusar ba ta zubarwa, rabon awakinta ne, kuma da kuɗin awakin nan ake haɗa wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, tasa bayan tasa, tun yarinya ba ta san kanta ba.

A gidajen da ake kulle, matar aure ba ta zuwa gona. Amma da zarar ta manyanta, ta daina haihuwa, sai ƙofa ta buɗe mata. Za ka gan ta wajen roron wake da kalar gyaɗa, wata ma har da 'yar gayaunarta, wadda mutanen Maraɗi ke kira gamana, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da riɗi. Abin da ta samu nata ne, maigida ba ya taɓawa sai dai ya ranta. Ga daddawa, wadda ke cin kwanaki: a dafa kalwa, a surfe ta, a sake dafawa, a rufe ta da ganye har ta ruɓa. Ga kaɗi da mazari da alli, sana'ar da yadin kanti ya kusa binnewa.

Mafi yawan waɗannan mata sun tafi ba a rubuta ko sunansu ba. Baba ta Karo ce ta yi sa'a. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, bayan Baba ta rasu.

Inda darajar tsohuwa ta fi fitowa shi ne wajen haihuwa. 'Yarta kan dawo gida haihuwar fari, ita kuwa ta tsaya kan wankan jego na kwana arba'in, da tafasasshen ruwa da ganye, ga kunun kanwa safe da yamma. Likitoci a Zariya sun daɗe suna cewa zafin ruwan da yawan kanwa na taɓa zuciyar mai jego, kuma ina ganin gaskiyarsu. Sai dai gaya wa tsohuwa haka ba ƙaramin aiki ba ne, don za ta ce da shi ta raini 'ya'ya tara.

Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wannan giɓi kaka ce ke cike shi. A ɗakinta ake yaye, a ɗakinta ake tatsuniya, a can ake ɓoye wa yaro ƙanzo da ƙuliƙuli. Jika namiji "maigidana" ne, mace kuwa "kishiya".

"Kai maigida, ina cefanen yau?"

"Ai na sake ki, tsohuwa, haƙoranki sun zube!"

Ranar da ta cika, maza su kai ta makwanci, mata su zauna karɓar gaisuwa. A wurare da dama ana sadakar uku da bakwai da arba'in, a raba gumba ko waina, ko da yake wasu malamai na ganin hakan bidi'a ce, shi ya sa al'adar ke ja da baya. Idan ta rasu bayan ta tsufa ƙwarai, jikoki ba sa zaman makoki irin na 'ya'ya. Sukan yi wasan jika: su ɗaura zanenta, su ɗauki sandarta, suna kwaikwayon tafiyarta da faɗanta, ba su bari sai an ba su kuɗin jika. Yarinyar da aka fara haifa a gidan bayan haka kuwa takan ci sunanta. Tunda 'ya'ya da surukai ba su iya faɗin sunan, sai a riƙa kiran jaririyar Ummi ko Mama ko Hajiya, har ta girma wasu ba su san sunanta na yanka ba.